Ba Don In Katse Maka Hanzari Ba

Tun yaro bai san damansa da hagunsa ba ake koya masa a ƙasar Hausa cewa in mutum biyu suna magana ba a faɗa musu a tsakiya. Wanda aka aika wurin manya ya tarar suna zance, sai ya yi sallama, ya sami gefe ya durƙusa, ya jira har a dube shi a ce, "Yaya aka yi?" Harshen kansa ya tanadi sunaye da dama domin wanda ya kasa wannan haƙuri, kuma babu na yabo a cikinsu ko ɗaya. Akwai katsalandan, akwai shisshigi, akwai tsoma baki, akwai karambani, akwai kuma cusa kai ba kwarjini. Amma da yake Bahaushe ya san akwai ranar da jira ba shi yiwuwa, sai ya bar wata 'yar ƙofa a jikin wannan doka. Wanda larura ta kama yakan ce, "Ba don in katse maka hanzari ba," sa'an nan ya katse ɗin. Waɗannan kalmomi ba su hana katsewar, sai dai suna shaida wa mai magana cewa wanda ya shigo ya san girman abin da ya taɓa.

Duk wannan tarbiyya kuwa a kan ido aka gina ta. Mai jira a bakin zaure yana ganin masu zance, su ma suna ganinsa. In ya zo yana haki, ko idanunsa sun yi ja, su da kansu za su tsayar da maganarsu su tambaye shi, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Da wayar tarho ta shigo ofisoshi sai ta ɗauke fuskar ta bar murya kaɗai. Masu magana ba su san akwai mai jira ba, balle su ga halin da yake ciki. Nauyin yanke hukunci, watau a katse ko a ƙyale, sai ya koma kan mutum guda, wanda yake zaune a wani ɗan ɗaki yana haɗa wayoyin mutane. Shi ne ake kira afareta.

Akwai wani dattijo a birnin Kano wanda ya ci wannan aiki a ƙuruciyarsa, a reshen wata ma'aikata wadda hedkwatarta take Ikko. Yanzu ya haura shekara saba'in, ya daɗe da ajiye aiki, ya manta da sunayen da yawa daga cikin waɗanda ya yi zama da su. Amma akwai wasu mintoci bakwai na wata ranar Laraba, a farkon shekarun 1980, waɗanda har gobe yana iya lissafa su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a kai ga ranar, ya kamata a san irin ɗakin da yake zaune a ciki, domin samarin yanzu ba su tarar da shi ba. A wancan zamani waya abu ce mai wuyar samu. Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho na ƙasar duka ba su kai 20,000 ba, kuma har lokacin da ake magana a kai hukumar gidan waya ce take riƙe da su, domin ba a kafa NITEL ba sai a 1985. Saboda haka ma'aikata mai ɗakuna talatin ko arba'in takan sami layi biyu ko uku ne kawai masu fita waje. Dukkan wayoyin da ke bisa teburan ma'aikata rassa ne, sun taru a jikin wani allo mai ramuka jeri jeri, kowane rami da 'yar fitilarsa. In wani ya ɗaga wayarsa sai fitilar raminsa ta kama, afareta ya soka igiya, ya ji abin da yake so, sa'an nan ya soka ɗaya bakin igiyar a ramin wanda ake nema. In yana so ya san ko layi a kame yake, sai ya taɓa bakin ramin da kan igiyar, in ya ji ƙas a kunnensa to ana magana. Irin wannan allo tsohon abu ne, tun 1878 aka fara aiki da shi a garin New Haven na Amurka, shekara biyu bayan Bell ya sami shaidar ƙirƙiro tarho, ga shi kuwa bayan shekara ɗari yana nan yana aiki a Kano.

A gaban kowace igiya akwai wani ɗan makunni. In afareta ya tura shi, sai ya faɗa cikin zancen mutum biyu, ya ji su, su ma su ji shi. Ranar da aka ɗauke shi aiki, abin da aka fara nuna masa ke nan, shi ne kuma abin da aka fara hana shi taɓawa. Aka ce masa sirrin ma'aikata duka ta hannunsa yake wucewa, afaretan da ya saba da sauraron maganar mutane kuwa ba shi da bambanci da mai leƙen katangar maƙwabta. Aka ce ba a shiga layin da ake magana sai in abu ya kai intaha. Sai dai ba wanda ya gaya masa yadda ake gane intahar.

Ya kuwa taɓa ƙonewa. Watanni kaɗan kafin ranar da ake magana, wani mutum ya bugo yana neman manaja, yana rantsuwa cewa maganar ba ta jira. Saurayin ya tura makunni ya shiga, alhali manaja yana magana da wani babba. Ashe tela ne, yana so ya ji ko a yi wa riga aiki a wuya ko a bar ta haka. Kashegari aka miƙo masa takardar gargaɗi, aka sa kwafinta a fayil ɗinsa, aka kuma shaida masa cewa in ya sake, to, ya nemi wani aikin. Daga ranar ya gane cewa kowane mai bugo waya gani yake tasa ta fi ta kowa gaggawa, ya kuma ƙudura a ransa cewa shi da makunnin nan sai dai kallo.

To, a ma'aikatar akwai babban akawu na sashen kuɗi, mutum mai kimanin shekara hamsin, mai sanyin hali. Ba ubangidansa ba ne, abokin aiki ne, sai dai ya haife shi. Sahu ɗaya suke bi a masallacin ma'aikata, kuma sau da yawa in an kawo wa akawun abinci daga gida yakan aika wa afareta da nasa, domin ya san ba shi da damar barin allo. Ranar Larabar nan saura 'yan kwanaki Babbar Salla, ga shi takardun albashin ma'aikatan reshen sun maƙale a Ikko saboda wani saɓani a lissafi. In ba a daidaita alƙaluman a ranar ba, ba za a saki kuɗin ba sai bayan hutu. Tun ƙarfe takwas na safe akawu ya ce a samo masa Ikko. Samun Ikko daga Kano a lokacin kuwa sai mai haƙuri. Afareta ya yi ta juya lamba har yatsansa ya yi zafi, layi ya ƙi shiga, in ya shiga ya yanke. Masinjoji da direbobi da masu gadi suka riƙa leƙowa suna tambaya, "An samu?" domin kowa ragon layyarsa yana cikin wannan waya. Sai wajen ƙarfe ɗaya da rabi Allah Ya sa layi ya shiga, aka kuma dace da jami'in da takardun suke hannunsa. Afareta ya haɗa su, ya jingina da kujera ya yi ajiyar zuciya.

Ba a yi minti goma ba sai fitilar ɗaya layin ta kama. Muryar mace ce, ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce daga asibiti, tana neman akawu. Ya ce mata yana kan waya, ta bar saƙo. Ta ce, "Malam, ba maganar saƙo ba ce. Matarsa aka kawo tun hantsi tana naƙuda, abin ya ƙi, likita ya ce sai an yi mata aiki. Ana neman mijin ya sa hannu, ana kuma neman jini. Waɗanda suka kawo ta mata ne, sun ce ba za su sa hannu ba sai shi." Ya ce ta riƙe, kada ta ajiye. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango.

Abin da ya fara yi shi ne neman hanyar da za ta fisshe shi ba tare da ya taɓa makunni ba. Ya ƙwala wa masinja kira, aka ce ya tafi gidan waya da wasiƙu. Ya buga reshen ofishin da ke maƙwabtaka da na akawu, waya ta yi ta ƙara ba wanda ya ɗauka, an tafi sallar azahar. Ya yi tunanin ya ruga da kansa, amma ofishin akawu yana bene a ɗaya ginin, kuma barin allo babu kowa laifi ne da ya fi shiga layi. Sai ya ce a ransa bari ya ɗan jira, wataƙila sun kusa gamawa. Ya jira minti ɗaya, ya jira na biyu. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Malam, kana nan kuwa?" Ya ce yana nan. Daga nan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya buɗe layin a hankali ya saurara ba tare da ya yi magana ba. Ya ji mutumin Ikko yana karanto alƙaluma layi layi, akawu yana maimaitawa, suna shafi na biyu, ya kuwa san takardun sun fi shafi goma. Ya rufe. Ya sake duban agogo. Hannunsa yana kan makunni, takardar gargaɗin nan tana yi masa yawo a ido.

Sai a minti na bakwai ya tura. Ya ce, "Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, ba don in katse maka hanzari ba, afareta ne." Da Turanci suke maganarsu, domin jami'in Ikko ba ya jin Hausa, shi kuwa da Hausa ya shiga, bai ma san ya zaɓi hakan ba sai daga baya. Akawu ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Lafiya, ɗana?" Ya ce, "Daga asibiti ne. An kai mai ɗakinka, ana bukatarka yanzu, likita yana jiran hannunka." Bai ce aiki za a yi mata ba, bai ce abin ya tsananta ba, domin ko yaro ya san ba a jefa wa mutum irin wannan labari gaba ɗaya. Akawu ya ce, "To." Ya ba mutumin Ikko haƙuri da kalma biyu, ya ajiye waya. Ta taga afareta ya hango shi yana saukowa daga bene, ba hula, yana neman makullin babur a aljihu.

Afareta ya roƙi jami'in Ikko ya dakata a nemo mataimakin akawu. Mutumin ya yarda, amma kafin a kirawo mataimakin daga masallaci layi ya mutu. Ya yi ta juya lamba har aka tashi, Ikko ba ta sake samuwa ba sai kashegari da yamma, lokacin kuwa an riga an rufe lissafin watan. Albashi bai zo ba sai bayan Salla. A shekarar akwai magidanta a ma'aikatar da ba su yi layya ba, akwai waɗanda suka ci bashi suka ɗinka wa 'ya'yansu kaya. Waɗanda suka san dalili suka ce Allah Ya ba matar lafiya. Waɗanda ba su sani ba, ko suka sani amma zafin aljihu ya fi ƙarfinsu, suka ce yaron nan mai karambani ya sake yi. Manaja ya kira shi ya ji ta bakinsa, ya gyaɗa kai ya ce ya koma bakin aikinsa, bai hore shi ba, bai kuma yaba masa ba.

A asibiti kuwa an yi aikin, matar ta tashi, amma an ciro jaririn babu rai. Bayan kwana huɗu akawu ya dawo aiki. Kafin ya hau bene sai ya biyo ta ɗakin waya, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ɗakin da ba wanda ya saba yi wa sallama, kowa leƙowa yake yi ya faɗi lambar da yake so. Afareta ya miƙe ya yi masa ta'aziyya. Akawu ya ce, "Ɗana, Allah Ya saka maka da alheri. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da ita ma ba a same ta ba. Na kuma gode da ka yi mini maganar da Hausa, ba ka buɗe mini gida a gaban baƙo ba." Maganar mintoci bakwai ta zo wa saurayin har leɓe, ya haɗiye ta. Ya ce, "Ba komai, Baba. Allah Ya sa mai ceto ne."

Ba wanda ya taɓa ce masa mintocin nan ne suka yi sanadin jaririn, shi ma bai taɓa ɗora wa kansa haka ba. Matar ta yi sa'o'i tana wahala kafin a bugo, ajali kuwa ba ya gaggawa ba ya jinkiri. Abin da ya tsaya masa a rai daban ne. Da ya zauna daga baya ya bi mintocin ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kansa abin da yake aunawa sa'ad da hannunsa yake kan makunni, sai ya tarar ba albashin mutane ba ne. Da albashin ne da ya sami abin kare kansa, domin haƙƙin magidanta arba'in ba abin wasa ba ne, kuma mai hankali yana iya tsayawa ya auna shi da rai guda kafin ya ga wanda ya rinjaya. Bai kuma tarar da girman akawu ba, ko da yake a lokacin abin da ya riƙa gaya wa kansa ke nan, wai ba a katse babba. Abin da ya tarar a ƙarƙashin duka shi ne takardar da ke cikin fayil ɗinsa. Tsoro ne ya ari rigar ladabi ya sa, shi kuwa ya yi minti bakwai yana gaishe shi bai gane shi ba.

Wannan ne ya sa har yau in ana yabon kunyar Bahaushe a gabansa yakan yarda, sa'an nan ya ƙara da cewa kunya iri biyu ce, kuma kamarsu ɗaya. Akwai wadda mutum yake ji domin kada ya ɓata wa wani, akwai kuma wadda yake fakewa da ita domin kada a ɓata masa. Ta farko ita ce take sa ɗan aike ya durƙusa ya jira. Ta biyu ita ce take sa a ga hayaƙi yana fita daga ɗakin mai gida a ce bari ya gama cin abinci. Magabata da suka hana katsalandan su ne kuma suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma da ba su nufi a yi amfani da kalmomin neman gafarar nan ba da ba su ƙaga su ba. Dokar da ƙofarta tare aka ba da su. Wanda ya riƙe dokar ya manta da ƙofar rabin tarbiyyar ya samu.

Bayan wannan rana bai zama mai yawan shiga layi ba. A sauran shekarunsa a bakin allo bai fi sau huɗu ko biyar ya sake tura makunnin ba. Abin da ya sake shi ne saurin yanke hukunci. In mai bugowa ya ce gaggawa ce, sai ya tambaye shi wane ne, daga ina, kuma mene ne zai lalace in an jira rabin sa'a. Tela da mai bin bashi da abokin hira duk a tambaya ta uku suke faɗuwa. Wanda amsarsa ta taɓa rai, ko gobara, ko gawa da ake jiran a binne, ba ya kai minti ɗaya a riƙe. Haka ya koya wa yaran da aka riƙa turo masa, yakan kuma gaya musu cewa in sun shiga su yi sallama, su faɗi ko su wane ne, su taƙaita, su fita, kada su tsaya jin abin da ba a kira su su ji ba.

Allon nasa ya daɗe da zama tarihi. Tun 1891 wani Ba'amurke mai suna Strowger ya sami shaidar ƙirƙiro na'urar da take haɗa waya ba tare da hannun mutum ba, irinta kuma a hankali ta bi ofisoshi tana tashin afaretoci daga kujerunsu. Sai dai ko na'urorin ba su iya yar da makunnin ba. Wayoyin ofis na zamani, har waɗanda suke bi ta intanet, suna da hanyar da wanda aka ba izini zai shiga zancen da ake yi, yawanci bayan wata 'yar ƙara ta gargaɗi, wadda ita ce sallamar na'ura. Wasu ma suna ba da damar a yi wa mutum ɗaya raɗa ba tare da ɗayan ya ji ba, abin da afaretan Kano ya yi da harshen uwarsa. Sa'an nan a 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, lokacin da layukan ƙasar duka suke wajen 400,000, cikin 'yan shekaru kuwa ta shiga aljihun kowa. Yau da irin wannan ta faru, ma'aikaciyar jinya lambar mijin za ta buga kai tsaye, ya ji ƙara a kunnensa yana cikin magana, ya duba ya ga mai kira. Ba mai yin minti bakwai a riƙe saboda wani yana tsoron takarda. Dattijon yakan ce wannan alheri ne babba, kuma wanda bai ga wancan zamani ba ba zai san girmansa ba.

Sai dai yana ganin abin da aka biya. Da can mutum ɗaya ne yake tace kiran ma'aikata guda, yanzu kowa afaretan kansa ne, ba kuwa wanda aka zaunar aka koya wa aikin. Waya tana ƙara a sahun salla, tana ƙara a wurin jana'iza, ɗalibi yana gaban malaminsa ya ce a dakata masa ya amsa. Mai kira ba ya tambayar ko ana da sarari, wanda aka kira kuma yakan yanke maganar wanda ya taso takanas ya zo gare shi domin ya saurari wanda yake kwance a ɗakinsa. Da kira ya yi yawa sai mutane suka koyi ƙin ɗauka, har ta kai mai maganar rai yakan buga sau biyar a ɗauka irin na tela ne. A zamaninsa wahalar ita ce a sami mai ƙarfin halin shiga. Yanzu kowa shiga yake yi, wanda ya san lokacin shigar ne ya yi wuya.

Akawun ya rasu shekaru da dama da suka wuce, bai taɓa jin labarin mintoci bakwai ba. Matar tana nan da ranta, ta haifi wasu 'ya'yan bayan wancan, kuma duk Salla ɗaya daga cikinsu yakan kai wa tsohon afareta nama. Shi kuwa yana da 'yar wayarsa a aljihun riga, jikokinsa suna yi masa dariya saboda yadda yake amfani da ita. In ya kira mutum, ko da ɗan cikinsa ne, ba ya fara faɗin abin da ya sa ya kira sai ya yi sallama ya ce, "Ina fata ban katse maka hanzari ba." In kuwa ana zaune ana zance tasa ta yi ƙara, yakan ce wa mutanen wurin su gafarce shi, ya ɗauka a bugu na farko, ya tambaya ko lafiya. In aka ce lafiya lau, sai ya ce zai kira in ya gama da baƙinsa, ya mayar da ita aljihu.